Sunan da Khala Mastura Ba Ta Kira a Bakin Kasko

Duk wanda ya san Khala Mastura, wato Inna Mastura, a danginmu, da hanci ya fara saninta. Kafin ka ga ƙofar gidanta a lungun bayan maƙeran tagulla na Herat, ƙamshin wardi ya riga ya tare ka, gauraye da hayaƙin itace. Mayafinta, tafin hannunta, har gurasar da ta taɓa, duk ƙamshin nan suke yi.

A Guzara, can wajen birnin, aka haife ta, gidan masu dafa ruwan wardi. Mahaifinta ya koya mata aikin tun ba ta kai tsayin tukunyar ba. A tsinko furen kafin rana ta taɓa shi, a zuba a tukunyar tagulla, a liƙe bakin murfin da ƙullun gari don kada tururi ya tsere, sai a zauna a jira ruwan ya riƙa ɗiga ta bututu. Wuta ƙasa-ƙasa. Wanda ya yi gaggawa, ruwansa da ƙauri yake fitowa. Da aka kai ta gidan Gulam Haidar, mai ɗan shagon turare da magunguna a cikin birni, tukunyar nan ta biyo ta a bayan jaki tare da katifu. Ita ke dafawa a tsakar gida, shi yana sayarwa. Ta haifi huɗu. Biyu suka koma tun suna cikin tsumma, biyu suka rayu: Parwana, wadda aure ya kai Hambug ta ƙasar Jamus, da Nisar.

Nisar bai taɓa son aikin ba. Cewa yake ƙamshin na sa masa ciwon kai, ya haye soro wurin tattabarunsa. Da uban ya rasu, kasuwa ta cika da ruwan wardin roba mai araha da ake shigowa da shi, shagon ya riƙa ƙanƙancewa har ya zama ba ya ciyar da gida. Nisar bai cika shekara da auren Shukufa ba ya sayar da tattabarun, ya bi masu tsallakar da mutane Iran. Daga Nimroz, a bakin iyaka, ya yi wa uwarsa kiran ƙarshe, muryarsa garau, har da dariya.

"Madar jan, in kin ji shiru kada ki damu. Karɓe wayoyi suke yi a hanya."

Ta ji shiru, ba ta damu ba, tunda shi ya ce. Wata ya wuce. Wani daga cikin abokan tafiyarsa ya dawo ya ce an raba su mota biyu a cikin hamada, bai san inda ɗayar ta yi ba. Wani ya ce an gan shi yana aikin bulo kusa da Tehran. Wani ya ce kurkuku. Gawa dai ba ta zo ba, riga ba ta zo ba, ko takalmi. Shekaru suka yi ta tafiya har suka doshi goma, mata biyu suna zaune a gida ɗaya, uwa da matar ɗa, suna dafa wardi a bazara suna sayarwa maƙwabta.

Kowace Alhamis bayan la'asar, kamar kowane gida a lungun, Khala Mastura na ɗora kasko. Ta zuba mai, ta soya gari har ya yi ja, ta sa sukari da hel, ƙwayar nan mai ƙamshi, da ɗan ruwan wardinta, ta buɗe ƙofar gida don ƙamshin ya fita. A yammacin nan ne waɗanda suka rasu ke dawowa su tsaya a ƙofofin gidajensu. Ba sa cin komai, ƙamshin ne rabonsu. Wanda aka tuna ya koma da farin ciki, wanda aka manta ya koma yadda ya zo. Haka kakarta ta gaya mata, haka ta gaya wa Parwana. Tana juya halwar, wato alewar garin, tana kiran sunaye a hankali: mahaifinta, mahaifiyarta, Gulam Haidar, jariran nan biyu. Nan take tsayawa.

Kowa a lungun ya san nan take tsayawa, amma ba wanda ya san abin da tsayawar ke yi mata. Idan Nisar na raye a wani wuri, yana numfashi a bayan wata katanga, to kiran sunansa cikin matattu daidai yake da ta zuba masa ƙasa da hannunta. Idan kuwa ya mutu tun a hamadar nan, to duk Alhamis ɗin duniya yana zuwa ya tsaya, ya ji an kira ubansa, an kira jariran da bai ma san su ba, ya jira, a sauke kasko. Tunanin farko kan hana harshenta motsi. Na biyun kan hana ta cin halwar. A duk shekarun nan ba ta kai ko loma ɗaya bakinta ba, sai ta ce sukari na damun haƙoranta.

A sanyin da aka rufe makarantar 'yan mata, Mu'allima Najiba ta rasa abin yi da ranakunta. Mace ce siririya mai tabarau, wadda ta saba magana ɗalibai suna saurare. Sai ta fara zuwa gidan Khala Mastura da littafi a ƙarƙashin lulluɓi, saboda ɗakinta ya fi ko'ina ɗumi. Matan lungun suka riƙa taruwa bayan azahar, kowace ta cusa ƙafafu cikin bargon da aka lulluɓe kursi da shi, ɗan teburin da ake sa kaskon garwashi a ƙarƙashinsa, ana shan koren shayi, Najiba na karantawa. Littafin da ya fi daɗewa a hannunsu labari ne da wani ɗan ƙasarmu ya rubuta a can waje, aka juya shi zuwa Farisanci. Labarin wani gida ne a Kabul, da yaƙi, da ɗansu da ya fita wata safiya bai dawo ba.

Najiba ta so ta tsallake shi da ta gane inda labarin ya dosa. Khala Mastura ta ce a ci gaba.

Bibi Gul, maƙwabciyarta tun suna amare, ita ce ba ta bari a gama babi lafiya. Tsohuwa ce mai jiki da baki, ko a gidan makoki sai an tsawatar mata.

"Mu'allima jan, tsaya. Mutumin nan a gidansu ba a wanki ne? Mun ci rabin littafi, ban ji an wanke ko safa ba."

"Bibi jan, labari ne. Ba komai ake sawa ba."

"Amma rumman ana sawa. Rumman a lambu, rumman a faranti, mutum ya mutu jininsa kamar rumman. A kai shi Kandahar, garin rumman, ya ci ya ƙoshi mu huta."

Anisa, matar mai gasa gurasa, wadda tun babi na biyu take share hawaye, ta ce, "Ni wallahi kamar gidanmu ya leƙa. Wurin nan da uwar ta ɓoye hotuna a cikin buhun shinkafa, haka innata ta yi."

"Kuka kam kin iya," in ji Bibi Gul. "Amma kin lura ba wanda ke dariya a ciki? Ranar da roka ta faɗa bayan gidan su Hamida, ba dariya muka yi har da riƙe ciki ba, da surukarta ta fito a guje rungume da butar shayi ta bar jikanta a shimfiɗa? Ina wannan a littafin?"

"Don mutanen waje ya rubuta," Najiba ta ce tana gyara tabarau. "Su san abin da ya same mu."

"To su sani. Amma su san muna wanki kuma. Sannan matar nan ta tace shinkafa ta kai wa baƙi ba ta turara ba. Ko dai shi ya manta, ko uwarsa ba ta iya girki ba."

Khala Mastura ba ta sa baki a irin wannan. Takan zauna ta jingina da bango, idonta a kan bakin Najiba. Ba ta iya karatu ba, kuma ba ta taɓa jin labarin da ba na annabawa ko na sarakunan dā ba, sai wannan. Abin da ya ba ta mamaki shi ne yadda marubucin ya san cewa uwa kan tsani ƙarar babur a lungu, saboda kowane babur sai ya sa ta miƙe.

Ana tsakiyar littafin ne saƙon Parwana ya iso ta hannun wani da ya zo ganin gida. Ƙaramin akwati ne da kwalabe masu duhu, kowace kamar ɗan yatsa, da wani littafi mai hotunan furanni a kan yadda ake magani da ƙamshi. Parwana ta ce a waya matan can sun rantse da shi, ita ma tun da ta fara take samun barci.

Ranar aka ajiye labarin Kabul, Najiba ta buɗe wannan.

"Ga mai yawan tunani, man lemo. Ga mai ciwon kai, na'a-na'a. Ga mai baƙin ciki, ɗigon man wardi a ruwan wanka."

"Duba min na miji mai rowa," in ji Bibi Gul.

"Babu."

"Na surukar da rana ke tashinta fa?"

"Bibi jan."

"To me ya rage a ciki? Mastura, kin ga ashe shekara da shekaru magani kike dafawa kina sayar mana a kuɗin ruwa. Da a Jamus kike da yanzu ana ce miki Dokta Sahiba."

Anisa ta ari kwalba ɗaya, ta dawo washegari ta ce ta yi barci kamar jaririya. Bibi Gul ta ari wata, ta ce atishawa ta kwana yi, kuma tsohon nata ya tambaye ta ko lemo ta zubar a katifa. Khala Mastura ta buɗe ta wardin, ta kai hanci, ta daɗe idonta a rufe.

"Na gaskiya ne," ta ce. "Da sassafe aka tsinke shi. Wanda ya dafa ya yi haƙuri da wuta."

Akwai wani wuri a farkon littafin da ta sa Najiba ta maimaita mata, inda aka ce ƙamshi ba ya neman izini, kai tsaye yake wucewa inda mutum ke ajiye tsofaffin abubuwansa. Ta gyaɗa kai. Sai ta tambaya, kamar ba da wata manufa ba, ko littafin ya ce wani abu game da waɗanda suka riga mu, ko suna ji.

Najiba ta juya shafuka har ƙarshe. "Na masu rai ne kawai, Khala jan."

Khala Mastura ta so a ce wani mai ilmi a wata ƙasa mai injuna ya bincika abin, ya rubuta, ko da layi ɗaya ne. Ta mayar da murfin kwalbar, ta ajiye a taga.

Dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kan soraye lokacin da suka kai ƙarshen labarin Kabul. Uwar da ke cikin labarin ta tsufa. Wata rana aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta tashi, ta ɗora hannu a kan sakata. Nan Najiba ta rufe littafin.

"Ci gaba mana," in ji Anisa.

"Ya ƙare."

"Ya ƙare kamar yaya? Waye a ƙofar?"

"Bai faɗa ba. An bar wa mai karatu ne ya yi tunani."

Bibi Gul ta ce lallai an yage shafin ƙarshe, ta karɓi littafin ta jujjuya shi ko da yake ba ta san alif ba. Anisa ta ce ita dai ta san ɗan ne. Najiba ta ce hikimar ke nan, don haka rayuwarmu take, ba kowace tambaya ke samun amsa ba. Suna cikin wannan Khala Mastura ta yi magana, muryarta a ƙasa, har sai da suka yi shiru kafin su ji.

"Mu'allima jan, yaron nan, shi marubucin ne ya ƙirƙire shi?"

"Shi ne, Khala jan."

"To ya san ko yana raye."

"Ai... yadda ya ga dama haka zai zama."

"Ya sani ke nan. Ya sani, ya bar matar nan da hannu a kan sakata, ya tafi ya ci abincinsa."

Bibi Gul ta sunkuyar da kai tana tsintar zaren bargo.

Da yamma Parwana ta kira, uwar ta ce ta nemo mata marubucin, tunda duk a waje suke, ta tambaye shi waye a ƙofar. Parwana ta ce ba ƙasa ɗaya suke ba, kuma irinsu ba a samunsu haka. Amma ta duba inda masu karatu ke rubuta ra'ayinsu, ta karanto mata kaɗan. Wata ta ce ta yi kuka a jirgin ƙasa. Wani ya ce yanzu ya fahimci Afganistan. Da yawa sun ce ƙarshen ne ya fi komai kyau, da ya faɗa da ya ɓata shi.

"Suna da 'ya'ya, masu faɗin haka?"

"Ban sani ba, Madar jan."

"To. Gai da yaran."

Ta ajiye wayar. Shukufa na durƙushe a tsakar gida tana wanke kofunan shayi a ruwan ɗumi. Ta zo gidan nan yarinya mai kumatu, yanzu ga furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Kowace Sallah 'yan'uwanta maza kan zo, su sha shayi, su tambayi ko an ji wani abu, su kalli ƙanwarsu, su tafi. Ba a kira ta bazawara ba, ba ta yi takaba ba, kuma ba ta da miji. Duk tsawon sanyin nan tana gefen kursi tana zuba wa mata shayi, ba a taɓa jin ta ce uffan a kan littafin ba.

"Ke ba ki ce komai ba, 'yata. Yaya kika gan shi?"

Shukufa ta ɗauraye kofi ta kife. "Ni matarsa nake ta jira a ambata."

"Matar wa?"

"Yaron da ya ɓata."

"Yana da mata?"

"Yana da ita, Madar jan. Sau ɗaya aka kira sunanta, tana miƙa wa baƙi shayi. Na zaci za a dawo kanta."

Khala Mastura ta tsaya riƙe da gefen ƙofa. Ta saurari littafin nan kalma-kalma, ta san launin rigar da yaron ya fita da ita, ta san sunan karen maƙwabtansu. Matar kuwa ta wuce ta gabanta ba ta gan ta ba.

Ta zo ta zauna a bakin rijiya, kusa da ita.

"Kina ganinsa a mafarki?"

"Ina gani."

"Yaya yake?"

"Da can a tafe nake ganinsa, yana sauri, ba ya waiwaye. An jima da na daina. Yanzu kullum a zaune yake a dakalin ƙofar nan, bai cire takalmi ba. In na ce ya shigo sai ya kalli cikin gida, ya ce ba a kira shi ba."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Ba ki gaya mini ba."

"Ɗanki ne, Madar jan."

Alhamis ta zo da rana mai ɗan ɗumi, ruwan ƙanƙara na zuba daga indararo. Bayan la'asar Khala Mastura ta yi alwala, ta ɗora kasko. Shukufa ta buɗe ƙofa kamar kullum, ta dawo ta tsaya a bayanta. Mai ya yi zafi, gari ya fara ja, ƙamshi ya tashi ya bi soro ya fita lungu. Ta kira mahaifinta. Ta kira mahaifiyarta. Gulam Haidar. Jariran biyu. Muciyar ta ci gaba da zagayawa, har halwar ta fara kama gindin kasko, abin da bai taɓa faruwa a hannunta ba.

"Nisar Ahmad," ta ce, "ɗan Gulam Haidar."

Ba abin da ya motsa. Wani babur ya wuce can bakin titi, jikinta ya so miƙewa, ta danne shi. Ba ta ji sauƙi ba. Abin da ta ji shi ne tsoron cewa a daidai wannan lokaci wani mutum mai furfura a wata ƙasa ya dafe ƙirji bai san dalili ba. A bayanta Shukufa ta durƙushe a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Saura rabo. Aka naɗe halwar a cikin gurasa, faranti-faranti, kuma Khala Mastura ta ce ita za ta kai da kanta. Gida na farko na su Anisa ne, amma ba ta nan. Surukinta, Kaka Sattar, shi ne a ƙofa yana shan rana, tsoho tukuf wanda kunnensa ya daɗe da tafiya. Ya karɓi farantin da hannu biyu, ya ɗago kai ya yi tambayar da ake yi.

"Ladan wa, 'yar'uwa?"

Ta lissafa masa. Ya san su, yana gyaɗa kai a kan kowane. Da ta zo na ƙarshe muryarta ta yi ƙasa.

"Wa?"

Ta maimaita.

Ya kama kunnensa da hannu ya matso. "Ɗaga murya, ba na ji."

Lungun ba kowa, amma tagogi a buɗe suke, kowane gida da kaskonsa a wuta. Bibi Gul ta leƙo daga ƙofarta da muciya a hannu. Khala Mastura ta sunkuya daidai kunnen tsohon, ta faɗi sunan ɗanta da muryar da take kiransa da ita in ya daɗe a kan soro. Katangun suka amsa. Ƙarar muciyoyi ta tsaya gida bayan gida.

"Nisar naki?" Kaka Sattar ya ce. "Labari ya zo ne?"

"Bai zo ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ajiye farantin a cinyarsa, ya buɗe tafukansa ya fara Fatiha. Ta tsaya har ya shafa, ta ɗauki faranti na biyu ta nufi ƙofa ta gaba.